Kafin A Narkar Da Fijo Ta Ƙarshe, A Auna Ta

Duk ɗan ƙasar Katagum da ke zaune a nan Kudu, ko a Agege yake ko a Sabo ta Badun ko Anacha ko Fatakwal, ya san irin saƙon nan da kan zo daga gida. Wai motar wane ta kwanta, wata uku ke nan tana gareji a Azare, an je Kano an duba Ƙofar Ruwa ba a sami abin da ya karye ba, don Allah a leƙa Ladipo ko za a dace. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuwa a sha yawo a banza. Sau da yawa abin da ake nema ɗin bai fi tafin hannu ba, murfin wani abu ne ko wani ɗan maƙali. Amma saboda rashinsa mota sukutum ta zama ɗakin kaji, mai ita da direba da yaron mota duk sun koma zaman kashe wando.

A ƙasashen Turai ma akwai wannan ciwon kai, sai dai su nasu na masu hannu da shuni ne waɗanda ke ajiye tsofaffin motoci don ƙawa. Sun kuwa samo masa magani, watau wata na'ura da za mu iya kira injin ɗab'in ƙarfe. Abin da nake so mu duba yau shi ne, me ke cikin wannan fasaha da zai amfani bakanike da maƙeri a Azare, me kuma ya rataya a wuyanmu mu da ke ci-rani ko zaune a Kudu.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Kalmar ɗab'i tana iya ruɗa mutum ya zaci maganar takarda ake yi. Abin ya fi kama da ginin tukunya, inda maginiya kan ɗora yumɓu zobe bisa zobe har abu ya tashi. Da farko akan ɗauki awon abin da ake so da wata na'ura mai haske, wadda ke bin jikinsa ta ɗauko tsawo da faɗi da kauri da kowane lungu ta zuba cikin kwamfuta. Kwamfutar sai ta yayyanka siffar nan fale-fale. Daga nan injin ya shimfiɗa garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, shimfiɗar da kaurinta bai wuce na silin gashi ba. Wani haske mai tsananin zafi da ake kira lesa ya bi ta inda kwamfuta ta nuna masa, ya narkar da garin ya haɗe. A sake shimfiɗa wani garin a bisa, a sake narkarwa, haka har sau ɗaruruwa ko dubbai. Duk wannan cikin rufaffen akwati ake yinsa wanda aka cika da wata iska da ba ta cin wuta, domin garin ƙarfe abu ne mai saurin kamawa. In an gama sai a kakkaɓe sauran garin, a gasa abin cikin tanderu don kada ya tsage daga baya, sannan a goge shi.

Cikin shekarun 1980 aka fara irin wannan ɗab'i, amma da roba. Hanyar narkar da garin ƙarfe da lesa kuwa a cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke birnin Aachen na ƙasar Jamus aka ƙago ta wajen 1995.

Alal misali, a 2017 sashen manyan motoci na kamfanin Mercedes-Benz, watau Marsandi, ya ba da sanarwar ya buga kayan gyaransa na ƙarfe na farko. Murfi ne na alminiyam na abin nan da ke daidaita zafin ruwan inji, domin wasu tsofaffin manyan motoci da aka daɗe da daina ƙerawa. A 2018 kuma kamfanin Porsche ya ce ya buga wani hannun kuloci na motarsa samfurin 959, motar da guda 292 kacal aka taɓa yi. An gwada hannun da nauyin da ya kusa tan uku bai karye ba.

To, me ya sa kamfani kan daina yin kayan gyara tun asali? Kuɗin mazubi ne. Kafin a zuba ƙarfe ya fito da siffa sai an sassaƙa mazubi, shi kuwa yana da tsada ƙwarai, ba ya biyan kansa sai in za a yi abu dubbai. In masu nema ba su fi hamsin ba a shekara, kamfani sai ya ce a kai kasuwa. Injin ɗab'i ba ya bukatar mazubi, kuma ba ya bukatar sito. Siffar abin tana ajiye cikin kwamfuta, ranar da aka nema a buga guda ɗaya tak. Wannan shi ne ƙashin bayan maganar, ina roƙon mai karatu ya riƙe shi: yanzu awo shi ne dukiyar, ƙarfen daga baya yake zuwa.

AZARE GARIN MOTA NE

Wanda ya san tarihin ƙasarmu ya san abin da ya sa maganar mota ta shafe mu fiye da wasu. Tun 1916 da aka maido da hedkwatar masarauta daga garin Katagum zuwa Azare, hanya ce ta raya garin. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru ta arewa ya bi. Wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 ta kudu ya wuce. Mu aka bar mu da titin Kano zuwa Fataskum da Maiduguri. Saboda haka gyaɗa da auduga na jiya, da riɗi da wake da shanu da albasa na yau, duk a bayan mota suke fita, ko daga Gamawa ne ko Shira ko Giyaɗe ko Zaki. Haka kuma mu kanmu da muka zo Kudu, mota ce ta kawo mu, ita ce kuma ke kai mu gida da Salla.

A zamanin arzikin mai, Gwamnatin Tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci har shida. Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Marsandi a Inugu, Fiat a Kano, sai kuma Steyr a namu garin Bauchi, inda ake haɗa manyan motoci da taraktoci. Ta Kaduna ta soma aiki a 1975, har ta kai a jirgin sama ake kwaso mata kayan haɗi daga birnin Lyon na Faransa a sauke a Kano. Daga nan Fijo 504 ta zama motar kowa, ta gwamna da ta D.O. da ta haya, a-kori-kurarta kuma ta zama jakin ƙauye. An daina yin ta a Faransa tun cikin shekarun 1980, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000.

Sai dai akasarin abin da aka yi harhaɗawa ce. Kayan daga waje suke zuwa, zanen da awon kuma suna hannun masu su. Da aka karya darajar Naira a 1986, masana'antun suka shiga halin ni-'ya-su, kasuwa ta koma hannun motocin Kwatano da kayan gyara na gwanjo. Mun gaji motocin, ba mu gaji sirrinsu ba.

Wani zai ce, ai Fijo ta yi zamaninta, ku bar ta ta huta mana, yanzu wa ke hawanta? Akwai gaskiya a ciki. In ka je tashar Azare yau, Golf da Sharan da Hiace za ka fi gani. Amma fa mu tuna, Golf 3 ɗin nan da muke ɗauka sabuwar yayi, tun kafin shekarar 2000 aka daina ƙera ta a Jamus. Abin da Bature ke kira tsohuwar mota ta tarihi, shi ne mu muke neman abinci da shi. Bugu da ƙari, a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana sayar da sababbin motoci masu fetur da gas daga 2035. Ko da yake ana ta ja-in-ja a kan sassauta dokar, inda suka dosa ya bayyana, watau motar lantarki. Ke nan bolar Turai da muke tsintar kayan gyara a cikinta za ta yi ta raguwa. Abin da ya sami Fijo da roka da taraktan Steyr, shi ke jiran sauran.

KADA MU RUƊI KANMU

Ba ina nufin gobe a kai injin ɗab'in ƙarfe wani gareji a Azare ba. Wanda ya ce maka haka ya sayar maka da tsuntsu daga sama. Injin kirki guda ɗaya kuɗinsa dala dubu ɗaruruwa ne. Garin ƙarfen daga waje ake sayo shi, kuma tun da aka saki Naira a 2023 kowa ya san yadda kayan waje suka koma. Injin yakan shafe awoyi da yawa, wani lokaci kwana da yini, yana aiki a kan abu ɗaya, in wuta ta ɗauke a tsakani aikin ya ɓaci. Wanda ya san halin lantarkin garinmu ba sai an yi masa bayani ba. Attajirin da ke da Porsche zai iya biyan ko nawa ne don hannun kuloci, amma mai a-kori-kura da ke jigilar buhuna zuwa kasuwar ƙauye ba zai iya ba.

Ya kamata kuma mu yi hattara da wata tsohuwar cutarmu, ta sayo inji mai tsada a kira 'yan jarida a yanke kyalle, bayan shekara biyu a tarar da shi ƙura ta rufe don babu mai sarrafa shi. Ajakuta tana nan tun 1979 tana yi mana wa'azi.

MAƘERANMU SUN RIGA SUN IYA RABIN AIKIN

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi, ita ce ta dace da aljihunmu. Injin ɗab'i na roba yanzu ya yi araha, tun da wa'adin haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009. Da dala 'yan ɗaruruwa ana samun sa, girmansa bai wuce a ɗora bisa tebur ba, kuma wutar sola da batir sun ishe shi. Shi ba ƙarfe yake bugawa ba, amma yana iya buga samfurin abin da ake so da roba, daidai wa daida. Sai a miƙa wa mai zubi.

Masu zubi kuwa muna da su. Masu zubin tukwanen alminiyam da ludaya da murhu, waɗanda ke kusan kowane babban gari na Arewa, aikinsu ke nan kullum. Su danna samfuri cikin damshin yashi, su zare shi, su narka ƙarfe su zuba a gurbin. Akwai kuma tsohuwar dabarar kakin zuma, inda akan sassaƙa abu da kaki a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba tagulla a madadinsa. Da ita aka yi kayan Igbo-Ukwu fiye da shekara dubu da suka wuce, da na Ife da na Binin. Irin robar da ƙananan injinan nan suka fi amfani da ita ana iya ƙone ta ta fita kamar yadda kaki ke fita.

Wani zai tambaya, to in haka ne me ya hana mai zubi ya danna tsohon ƙarfen kansa cikin yashi ya kwafe? Ai suna yi, kuma a nan ne ake samun matsala iri biyu. Ta farko, abin da aka kawo masa ya riga ya cinye ko ya karye, saboda haka kwafin da lahaninsa zai fito. Ta biyu, ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Alminiyam yakan ragu da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari, baƙin ƙarfe na zubi kuma wajen kashi ɗaya. A tukunyar tuwo wannan ba kome ba ne, amma a murfin famfon ruwa shi ne zai sa ramukan kusoshi su ƙi haɗuwa, ruwa ya yi ta yoyo. Cikin kwamfuta kuwa ana iya cike inda ya cinye, a haɗa inda ya karye, a ƙara girman samfurin daidai da abin da ƙarfen zai tsuke. In aka zuba, aka kai wa mai injin fiƙe ƙarfe ya share fuskar, sai abu ya zauna daram.

Akwai kuma maganar irin ƙarfen da ake narkawa. Alminiyam ba iri ɗaya ba ne. Na gwangwanin lemo daban, na jikin inji daban, domin shi na inji an gauraya shi da wani sinadari da ke sa shi kwarara sosai cikin mazubi ya kuma jure aiki. Mai son zuba kayan mota dole ya ware tsofaffin kayan inji ya narka su su kaɗai. Wannan ilmi ne na kwana kaɗan, in an sami mai koyarwa.

Ba kuwa mota kaɗai abin zai amfana ba. Injin niƙa na unguwa, da famfon ban-ruwa na masu noman rani a fadamar kogin Jama'are, da taraktocin da ke jibge a harabar ma'aikatu ciyawa ta fito ta cikinsu, da yawansu ɗan ƙaramin abu ne ya kwantar da su.

Wanda ke shakkar haɗa ɗan boko da mai sana'ar hannu ya dubi Kumasi ta ƙasar Gana. A farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta garin ta buɗe wata 'yar cibiya a tsakiyar unguwar makanikai ta Suame, ta koya musu zubin baƙin ƙarfe da aiki da injinan fiƙa. 'Yan'uwanmu mazauna Zangon Kumasi shaida ne a kan yadda wurin ya bunƙasa. Mu dubi Nnewi kuma, kusa da Anacha, inda 'yan kasuwar kayan gyara suka tashi daga saye da sayarwa suka koma ƙerawa cikin shekarun 1980. Ko a gida, Panteka ta Kaduna ta isa misali a kan abin da hannun mutanenmu zai iya.

INDA ZA A TSAYA

Amma fa akwai iyaka, kuma dole a faɗe ta da babbar murya. Duk abin da ran mutum ya rataya a kansa, watau kayan birki da na sitiyari da abin da ke riƙe da ƙafar mota, ba na zubin bayan gida ba ne. Zubi yakan ɓoye 'yan ramuka a ciki waɗanda ido ba ya gani, sai ranar da mota ta ɗauko fasinja tana gudu tsakanin Azare da Jama'are sannan abu ya ɓalle. Mun binne mutane da yawa saboda jabun kaya, kada mu ƙara da namu. A fara da murafai da maƙalai da hannun ƙofa da gidan famfo da makamantansu, waɗanda in sun lalace mota tsayawa kawai za ta yi. Sauran kuwa a bar wa inda ke da na'urar gwaji. A nan ne injin ɗab'in ƙarfe na gaske zai yi rana, guda ɗaya ko biyu a wata cibiya ta tarayya, kamar cibiyoyin hukumar NASENI wadda aka kafa tun 1992 don irin wannan aiki, a riƙa aika mata da awo daga ko'ina.

AIKIN WA NE?

Yanzu bari in juyo kanmu. Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya, su wane ne ke farfasa tsofaffin motocin nan? Yaranmu ne. Sana'ar gwangwan da jari-bola a Ikko da Badun da Fatakwal, 'yan Arewa ne suka fi yawa a cikinta. Su ke tura kura unguwa-unguwa, su ke kai kaya Owode Onirin, daga can a wuce da shi masana'antun narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogijo. Sana'a ce ta halal, ta rufa wa dubban gidaje asiri, ba mai zargin kowa. Amma kowace Fijo da aka sa wa guduma, kowace roka da aka yanka aka ɗora a sikeli, da awonta take tafiya cikin wuta. Abin da ake sayarwa a kilo yau, wata rana za a neme shi da kuɗi mai yawa a rasa.

Saboda haka ga shawarata. Shugabannin 'yan gwangwan su sa yaransu su riƙa ware ƙananan kayan tsofaffin motoci da injina masu lafiya kafin a fasa sauran. Ko ba don kome ba, kuɗinsu a hannun bakanike ya fi kuɗinsu a sikeli. Ƙungiyoyin makanikai na Azare da Misau da Jama'are su zauna su rubuta jerin abubuwa ashirin ko talatin da suka fi kwantar musu da motoci, domin su ne suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi suna yaye ɗaliban injiniya kowace shekara, kuma kowane ɗalibi sai ya yi aikin kammalawa. Me zai hana a ce aikin wasunsu shi ne su auna waɗannan kaya, su zana su, a tara cikin rumbu guda wanda kowane mai sana'a zai iya ɗiba kyauta? Jami'ar jiha da ke Gaɗau kuwa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, ga ta nan a bakin ƙofar Azare, ba ta rasa yaran da suka iya kwamfuta.

Mu kuma ƙungiyoyin ci gaban Katagum da ke Kudu, waɗanda ba mu gajiya da karo-karo in za a yi bikin naɗin sarauta ko walima, kuɗin na'urar awo da injin roba da faifan sola ba su fi ƙarfinmu ba. A sami shago ɗaya kusa da masu zubi a Azare, a ɗauki yaro ɗaya mai ilmi a biya shi albashin shekara, a haɗa shi da dattijon maƙeri da ƙwararren bakanike. A sanar da Sarkin Maƙera tun farko don abin ya sami uba. In shekara ta zagayo a zo a ba mu lissafin motoci da injina nawa suka tashi. In abin ya ci, a faɗaɗa. In bai ci ba, asarar ba ta kai ta rufe kasuwa ba.

Abin da ba ya jira shi ne awon. Injin ɗab'in ƙarfe zai yi araha wata rana kamar yadda na roba ya yi, kamar yadda wayar hannu ta yi. Ranar da ya iso, wanda ya ajiye awo shi zai buga, wanda bai ajiye ba kuwa sai ya koma saye wurin wanda ya ajiye, kamar dai yadda muka saba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a zubar da ita ba. Allah Ya sa masu abin su ji.